Wai da gaske daga bin sawun jirgin sama ake gane iskar da ke can sama?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kar a yi min dariya dan ni ba ɗan kimiyya ba ne, kasuwancin kayan waya nake.

Shekaranjiya na je ɗauko yayana a filin jirgi, aka ce jirginsu ya makara da kusan awa biyu, to zaman jira ya ishe ni sai na buɗe Flightradar24 a waya ina bin jirgin nasu yana tafiya kamar tururuwa a kan taswira, na danna shi ya nuna min tsayinsa da gudunsa da inda ya taso. Wani bawan Allah da ke zaune kusa da ni, da alama ɗan boko ne sosai, ya leƙo ya ce min wai ka san a Turai da irin wannan bayanin ake hasashen yanayi? Wai a Holan da Ingila hukumomin yanayi na gwamnati suna kama saƙonnin da jirage ke aikawa ƙasa, daga nan su fitar da ƙarfin iska da sanyin da ke can sama, ba tare da sun saka wa jirgin ko na'ura ɗaya ba. Kafin in tambaye shi yadda abin yake aka kira jirgin da yake jira ya tashi ya bar ni da baki buɗe.

Tun ranar abin ke cin raina wallahi. Ni dai abin da na gani a waya ɗigo ne yana tafiya. Ta yaya ɗigo zai gaya maka iska tana kaɗawa daga yamma ko daga gabas? Sanyi kuma fa, ai sai da ma'auni ake auna shi ko? Sannan in har gaskiya ne me ya sa har yau ake wahalar sakin balan-balan? Kuma ni ma da wayata zan iya yin lissafin? Masana a taimaka, amma da Hausar da ɗan kasuwa zai gane.

Injiniya_Holan ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Fagge. Mutumin nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya ba ka rabin labari ya gudu da rabi. Ni karatun injiniyan jiragen sama ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma wannan abin kusan a nan aka haife shi, to bari in gwada.

Ka taɓa ganin fito a kogi? Mai kwale-kwale ya saita hancin jirginsa ga wata bishiya da ke tsallake, yana tuƙi da ƙarfinsa, amma sanda zai isa sai ka gan shi can ƙasa da bishiyar da taku ɗari. In ka san inda ya nufa da ƙarfin tuƙinsa, kuma ka ga inda ya sauka, ai ka san ƙarfin ruwan ko ba ka tsoma ƙafa ba. To shi ke nan fa. Jirgin sama a cikin iska yake iyo, iskar kuma ita ma tafiya take. Jirgin ya san abu biyu game da kansa. Na farko inda hancinsa ke kallo da gudunsa a cikin iska, gudun wasu 'yan bututu da ke jikinsa ta gaba ne ke auna shi, hancin kuma na'urarsa ta gane alƙibla ce ke faɗa. Na biyu inda yake tafiya a zahiri a kan doron ƙasa da gudunsa a kanta, wannan kuma GPS da sauran na'urorin gane hanya ke ba shi. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne iska. Misali hancinsa na kallon arewa sak yana kilomita 830 a awa, amma a ƙasa ana ganin duk awa yana zamewa gabas da kilomita 100, to akwai iska daga yamma mai gudun kilomita 100 a awa a daidai wannan tsayin, a daidai wannan daƙiƙar.

In kana son ka ga girman abin, tuna jirgin British Airways ƙirar 747 da ya taso daga New York zuwa Landan a Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara, awa 4 da minti 56 kacal ya yi, gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa. Mutane suka dinga cewa ya fi sauti gudu. Ina! A cikin iskar gudunsa na kullum yake, kogin iskar nan na sama ne ya ɗauke shi a ka.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe. Abin da kake gani a waya yawancinsa daga ADS-B ne, wato saƙon da jirgi ke watsawa da kansa ba wanda ya tambaye shi: ni ne wane, ga inda nake, ga tsayina, ga guduna a kan ƙasa. Rabin lissafin kenan. Ɗaya rabin, inda hanci ke kallo da gudu cikin iska, galibi ba ya cikin wannan saƙon. Yana fitowa ne ta wani tsarin da ake kira Mode-S EHS, shi kuma jirgi ba ya faɗa sai an tambaye shi. Radar masu kula da zirga-zirgar jirage ce ke tambaya a kan mitar rediyo ta 1030, transifondar jirgin, wato na'urarsa mai amsa wa rada, ta amsa a kan 1090, duk bayan 'yan daƙiƙu in rada ta zagayo. Su masu kula da jirage ba don yanayi suka nemi wannan ba, don su ga abin da matuƙi ke gani a gabansa ne kar a yi karo. A Turai doka ta wajabta wa manyan jirage, waɗanda suka haura kilo 5,700 ko masu gudu sosai, su iya ba da wannan amsar. Kenan bayanin yana ta zuba a sararin sama kyauta, tsintar dami a kala.

Wanda ya fito da abin fili wani masani ne a KNMI, hukumar yanayi ta Holan da ke De Bilt, sunansa Siebren de Haan, ya wallafa aikinsa a 2011 da bayanan radar filin jirgin Schiphol. Daga baya aka kafa cibiya sukutum a ƙarƙashin KNMI mai suna EMADDC, tana karɓar bayanai daga masu kula da sararin samaniya irin cibiyar Maastricht da wasu ƙasashe, ta tace, ta gyara, ta raba wa hukumomin yanayi na Turai. Miliyoyin awo ake magana a rana guda. Su kuma Met Office na Ingila suka bi wata hanya mai arha, suka kakkafa nasu ƙananan na'urorin sauraro a faɗin ƙasar, rada ta yi tambaya jirgi ya amsa, su kuma su ji amsar daga gefe kamar maƙwabcin da ya kasa kunne ta katanga.

Da wayarka kaɗai dai ba za ka yi ba, amma ba abin da ya gagari mutum ba ne. Sanyin kuma labarinsa daban, na gaji da taipin, in ba wanda ya riga ni zan dawo.

Sarkin_Shakka ya rubuta:

Hmm. Injiniya ka iya tsara zance ba ƙarya. Amma ni fa ban gamsu ba. Duk miliyoyin nan da kake faɗa, kuma har gobe a ce za a yi ruwa a wayi gari rana ƙwal. Kuma in abin kyauta ne ai ka san halin kyauta, ba ta cika kyau ba. Jirgin da aka ƙera don ɗaukar fasinja shi ne zai zama ma'aunin gwamnati? Wa ya duba ingancinsa? Tauraron ɗan'adam bai ishe su ba ne?

Malama_Fiziks ta rubuta:

Salamu alaikum. Injiniya bari in ɗauke maka na sanyin, ka huta, dama shi nake koya wa 'yan aji biyar.

Ɗan Fagge, sauti ba gudu ɗaya yake a ko'ina ba. A iska mai ɗumi ya fi sauri, a mai sanyi ya rage. A digiri 15 yana yin kamar kilomita 1,225 a awa, can sama wajen kilomita 11 inda sanyi ke kai digiri 56 ƙasa da sifili sai ya sauko kusan 1,062. To jirgi a cikin amsar da yake ba rada yana faɗin gudunsa cikin iska, kuma yana faɗin lambar Mak, wato kashi nawa na gudun sauti yake yi. In ya ce ina kilomita 833 a awa, Mak ɗina 0.78, ka raba 833 da 0.78 ka samu 1,068, gudun sauti a wurin kenan. Daga nan akwai ƙa'ida tsayayya da ke mayar da shi zafi, sai ta ba ka wajen digiri 54 ƙasa da sifili. Ka ga an auna sanyi ba a taɓa ma'auni ba.

Sai dai Malam Sarkin Shakka yana da 'yar gaskiya a nan, kar mu danne masa. Saƙon gajere ne ƙwarai, ba wurin rubuta lamba da duk 'yan canjinta, don haka Mak yana zuwa ne tsalle-tsalle na 0.004, kamar mai shagon da ba ya da canjin ƙasa da naira hamsin. A misalin nan nawa in aka ce 0.784 maimakon 0.78, amsar ta goce da fiye da digiri 2. Wannan a sama ne fa inda jirgi ke gudu. In ya sauko zai sauka yana Mak 0.3, wannan ɗan tsallen kaɗai zai iya gotar da kai digiri 7, alhali nan ƙasa-ƙasa ne aka fi buƙatar sanin zafi saboda hazo da hadari. Shi ya sa ba a ɗaukar awo ɗaya a rantse da shi, sai an tara da yawa an fitar da matsakaici, kuma shi ya sa iskar da ake samu ta wannan hanyar ta fi zafin inganci nesa ba kusa ba.

Iskar ma tana da nata aljanin. Hancin jirgi da arewar maganaɗisu ake faɗinsa, irin ta kamfas, ita kuma ba daidai take da arewar taswira ba kuma tana matsawa shekara bayan shekara. Kowane jirgi da teburin gyaransa a cikin kwamfutarsa, wani nasa sabo wani ya tsufa. Kuskuren digiri 1 tak a gudun kilomita 830 yana haifar da iskar ƙarya ta wajen kilomita 14 a awa. To abin da su EMADDC ke yi shi ne su bi kowane jirgi ɗaya-ɗaya da lambarsa, su gano karkatarsa ta hanyar gwada shi da sauran bayanai na tsawon lokaci, su gyara masa. Kuma in jirgi yana kwana, ya karkata fiffike, ana jefar da awon wannan lokacin. Wannan shi ne duba ingancin da kake tambaya, ɗan'uwa.

Akwai wani nau'in amsar da ake kira MRAR, inda jirgi ke faɗin iska da zafin kai tsaye daga na'urarsa ba sai an yi wannan zagaye-zagayen ba. Sulobeniya ce ta yi suna da shi. Matsalar jirage kaɗan ne ke amsa shi, radodi kaɗan ne kuma ke tambaya.

Tsoho_Mai_Balan ya rubuta:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna mini wannan zance ya ce Baba ga aikinku ana shirin binne shi, shi ne na ce a ba ni wayar.

Ni na yi shekaru ina aikin meteyo, wato awon yanayi, a nan Nijar kafin in yi ritaya, kuma sakin balan-balan na cikin aikina. Ɗan Fagge ka tambaya me ya sa ake wahala da shi, to saurara. Sau biyu ake saki a rana a duk duniya lokaci guda, sha biyun dare da sha biyun rana agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya a wurinmu da wurinku. Mu hura shi da haidirojin, mu ɗaura masa ɗan akwati mai auna zafi da laima da nauyin iska, mu sake shi yana hawa kamar mita 300 duk minti, yana kumbura yana kumbura har ya kai kilomita 25 ko 30 ya fashe. Akwatin kuma ya tafi kenan, sai dai wani makiyayi ya tsince shi a daji. Kowace saki kuɗi ne aka jefa sama, shi ya sa in kasafi ya yi ƙaranci abu na farko da ake ragewa kenan, na ga lokutan da muka zauna makonni ba kayan aiki muna kallon sama da ido.

Yanzu ku gaya mini, jirgin fasinja yana kai kilomita 30? Iyakarsa 12 ko 13. Kuma a duk bayanin Injiniya da Malama ban ji an ambaci laima ba. Babu ita a wannan saƙon. Mu kuwa a Sahel laima ita ce magana, damina gaba ɗaya rigima ce tsakanin iska mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma da busasshiyar da ke gangarowa daga Sahara, in ba ka san kaurin mai laimar ba yau, ba ka san ko hadari zai haɗu ba. Akwai jiragen da aka saka wa na'urar auna laima ta musamman, yawancinsu a Amurka, wasu 'yan kaɗan a Jamus, amma wannan saka na'ura ne, ba tsintuwa ba.

Wani abin kuma, amfani da jirgi wajen auna yanayi ba yau aka fara ba. Akwai AMDAR na Hukumar Yanayi ta Duniya, wanda ake yarjejeniya da kamfanin jirgi a saka masa manhaja, jirgin ya dinga aiko da zafi da iska ta hanyar sadarwarsa, a biya kuɗin saƙo. Kafin korona kamfanoni wajen 40 ne a ciki, awo sama da dubu 700 a rana. A Afirka na Afirka ta Kudu sun daɗe a ciki, na Kenya ma sun shiga. Bambancinsa da wannan sabon, shi AMDAR jirgi ne ya auna ya aiko da niyya, ingancin zafinsa ya fi, amma jirage zaɓaɓɓu ne. Wannan kuwa kusan kowane babban jirgi ne, muddin akwai radar da ta tambaye shi.

Ban ƙi abin ba fa, kar ku ce tsoho ya tuna bara. Da ina aiki aka ce ga awon iska duk minti a kan Yamai daga jiragen da ke tashi da sauka, da na yi rawa. Akwai wata iska mai ƙarfi daga gabas da ke ratsa Sahel da damina a tsayin kilomita 3 zuwa 4, ita ke tsara manyan hadarurrukan nan da ke tasowa daga gabas su nufi yamma, jirgi mai hawa ko sauka dole ya ratsa ta. Akwai wata kuma can sama wajen kilomita 12 zuwa 14. Amma jirage nawa ke sauka a Yamai ko Zinder ko Agadas a rana, in ka gwada da Schiphol? Inda jirgi bai bi ba babu awo. Kuma masu ratsa mu daga Turai zuwa kudu da yawansu cikin dare suke wucewa, a can ƙololuwa, ba su san abin da ke ƙasa ba.

Sarkin Shakka, tauraro yana gani daga sama ne, yana da faɗi amma ba ya rarrabe hawa-hawa da kyau, iska kuma yawanci daga motsin gajimare yake ƙiyasta ta. Shi kansa da awon balan da na jirgi ake daidaita shi.

Ɗan_Zongo_Kumasi ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara lafiya, mun sha karatu.

Ɗan Fagge ni na gwada abin da hannuna, to bari in ba ka labarin abin da zai same ka. Na sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, da ɗan dongul ɗin nan na RTL-SDR mai kama da filash wanda asalinsa na kallon talabijin ne, na yanka waya na haɗa eriya guntuwa, tsawon kowace ƙafa bai kai santimita 7 ba saboda mitar 1090 ce, na ɗaure a kan rufi na saka manhajar dump1090. Wallahi daren farko ban yi barci ba, jirage na ta fitowa a allo, wasu daga nisan kilomita 300 da wani abu in suna sama sosai, dan abin sai eriya na ganin jirgi kai tsaye, dutse ko dogon gini ya tare shi kenan.

Sai na ce to saura iska. A nan na gane abin da Injiniya ke faɗi. Saƙon matsayi kam ga shi nan kamar ruwan sama, amma amsoshin da ke ɗauke da hanci da Mak sai in akwai radar da ke tambayar su a yankin da eriyarka ke ji. In ba mai tambaya jirgin shiru zai yi ya wuce da kayansa a ciki. Kuma ko ka samu, akwai wani ciwon kai: kai amsa kawai kake ji, ba ka ji tambayar ba, amsar kuma ba ta ɗauke da suna a goshi. Akwai amsa mai lamba 5,0 mai gudun ƙasa da gudun iska da karkatar fiffike, akwai 6,0 mai hanci da Mak, duka tsawonsu ɗaya, sai manhaja ta yi ta canka wanne ne wannan ta hanyar duba ko lambobin sun yi ma'ana. Wani lokacin ta canka ba daidai ba ka ga ta ba ka iskar da ko guguwa ba ta kai ba. Akwai pyModeS da wani mai bincike a jami'ar Delft ya rubuta, kyauta ne, shi ya fi taimaka min. Sannan sai ka haɗa 5,0 da 6,0 na jirgi ɗaya da suka zo kusan lokaci guda kafin ka yi lissafin kwale-kwalen.

Ni dai shawarata in za ka yi, ka fara don nishaɗi. Kuma ka tambayi dokar ƙasarku kan kafa irin wannan eriya kafin ka hau rufi, musamman in gidanku kusa da filin jirgi ne ko bariki, kar a zo a yi maka tambayar da ba ka da amsarta. Wutar lantarki ma ka tanadi fawa bank, nawa duk ɗaukewar wuta sai katin memorin ya lalace, sau biyu ina sake shi.

Injiniya_Holan ya rubuta:

Malama na gode, kin fi ni iya bayani wallahi, misalin mai shago ɗin nan zan sace shi. Baba kuma ba abin da zan ƙara a kan maganar laima, haka take.

Sarkin Shakka, kai nake so in amsa wa. Ka ce wa ya tabbatar awon jirgi na da amfani. Korona ta gwada mana ba da son kowa ba. A Maris 2020 da aka ajiye jirage, ECMWF, wato cibiyar hasashe ta Turai da ke Reading a Ingila, ta ce rahotannin jirage a kan Turai sun ragu da kashi 65 cikin ɗari tsakanin 3 ga wata da 23 ga wata, a duniya kuma kashi 42. Kuma dama sun taɓa yin gwaji suka cire bayanan jirage gaba ɗaya daga kwamfutarsu don su ga me zai faru, hasashen iska da zafi na gajeren zango a tsayin da jirage ke bi ya lalace da har kashi 15, na nauyin iska a ƙasa da kamar kashi 3. Kashi 3 zai yi maka kama da wasa, amma masu wannan sana'ar shekaru suke yi suna fafutukar samun irinsa. A waccan shekarar wasu ƙasashen Turai suka ƙara yawan sakin balan don cike giɓi, ka ji Baba, ku aka koma wa. Kuma a cikin 2020 ɗin ne ECMWF ta fara zuba iskar Mode-S a cikin hasashenta, dan 'yan jiragen da suka rage, na kaya da sauransu, duk suna amsa wa rada.

Abin dariyar, da jirage suka dawo sai matsalar ta juye. Bayanin ya yi yawa a kan Turai har ya nemi ya danne sauran awo, kwamfuta ta dinga jin muryar jirage kawai, dole aka koma tsincewa ana ɗaukar kaɗan ana zubar da mafi yawa. Wuri ɗaya an ƙoshi har ana zubarwa, a kan teku da Sahara kuwa inda ba rada babu ko ɗaya ta wannan hanyar.

Kuma ka lura kwamfutar hasashe ba duba take ba. Ana ba ta hoton yadda sama take yanzu ne ta lissafa gaba, in hoton farko ya karkace duk abin da ya biyo baya ya karkace. Inda wannan bayanin ya fi tasiri shi ne hasashen awanni kaɗan masu zuwa, irin wanda ake sabuntawa duk awa, da kuma lissafin saukar jirage su kansu. Ruwan da aka ce za a yi a unguwarku bai zo ba, hadarin damina abu ne ƙarami mai saurin haɗuwa, zai iya jiƙa Fagge ya bar Sabon Gari a bushe, wannan ko a nan Turai yana ba su kashi.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ja kwana. Na karanta sau biyu, na Malama sau uku saboda lissafin. Yau da safe na gwada wa yaron shagona misalin fito ya gane nan take, har yana gyara min.

To yanzu in na fahimta, mu nan abin da za a fara tambaya shi ne ko radar NAMA, hukumar kula da sararin samaniyarmu, tana yi wa jirage waccan tambayar ta hanci da Mak, in tana yi kuma a san yadda za a miƙa wa NiMet. Ina da wani kwastoma da ke aiki a filin jirgi, in ya zo gyaran waya zan tsare shi da ita.

Ɗan Zongo don Allah turo min hoton eriyar taka ta inbok, da sunan dongul ɗin daidai yadda zan faɗa wa mai kawo min kaya daga Legas. Fawa bank kam ina da su katan-katan.